Wa Ke Leƙa Ɗakin Inna?

Duk ranar da aka kawo labarin gidajen tsofaffi na Turai a majalisar bakin titi a Gusau, an san inda hirar za ta tsaya. Wani ya ja tsaki, wani ya yi salati, sannan a haɗu a kan magana guda: mu dai Allah Ya rufa mana asiri, ba mu kai iyayenmu gidan haya su mutu a hannun baƙi. Na sha jin haka a Tudun Wada da Sabon Gari, ni ma kuma na sha faɗa. Da gaskiyarmu. Gidan da ake biyan kuɗi a ajiye tsoho ba abu ne da mutumin Tsafe ko Bunguɗu ya saba gani ba. Sai ka je Legas ka ga irin na Yaba da na Mushin, ko kuwa gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, wanda shi ma galibi marasa galihu ne ke ƙarewa a cikinsa.

Abin da ake faɗa game da waɗancan gidaje kuwa ba ƙage ba ne. A Janairun 2022 wani ɗan jarida a Faransa, Victor Castanet, ya fallasa yadda kamfanin Orpea, mai ɗaruruwan gidajen tsofaffi, yake ƙididdige wa mazauna abinci da ƙunzugu don riba ta ƙaru, alhali iyalansu na zuba kuɗi masu nauyi kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a binciken da aka tattara, ma'aikata 2 cikin 3 na irin waɗannan gidaje sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa cin zarafin wani tsoho cikin shekara guda. Wannan adadi muke so, domin yana wanke mu. Sai dai hukumar tana da wani adadin da ba mu cika ambato ba: cikin mutum 6 da suka kai shekara 60 suna zaune a gidajensu, cikin danginsu, kusan 1 ya ɗanɗana wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda. Wannan bai ware kowa ba.

Akwai kuma abin da suka fi mu. Gidan tsofaffi a Amurka yana da rajista, yana da ƙofar da jami'in gwamnati zai ƙwanƙwasa ba tare da ya aiko ba. Tun 1987 dokarsu ta zayyana haƙƙin mazaunin gidan, har da hana ɗaure shi ko ɗirka masa maganin barci don kawai ma'aikata su huta, kuma kowace jiha tana da ofishin da aikinsa ke nan, sauraron kukan mazauna. Ɗakin Inna kuwa yana can ƙuryar gida, bayan zaure, bayan tsakar gida, kusa da turken awaki. Namiji baƙo ba ya shiga. Maƙwabciya in ta shiga ta gani, ba ta magana, don kada a ce ta shiga sharo ba shanu.

Wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san irin ɗakin da nake nufi. Zarni ne ke fara yi maka maraba tun daga bakin ƙofa. Tsohuwa ce da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce. Watannin farko 'ya'ya sun yi rububin sayen magani, ana zuwa daga Kaduna da Abuja da ledoji. Yanzu maganin ya ƙare tun kafin azumi, ba wanda ya lura. Ana turo mata kwanon tuwo da yaro, ya dire ya fita da gudu, ita kuwa hannun da za ta ci da shi ne ya mutu. Idan aka ɗaga zanen, ga gyambo a ƙugu da duwawu da diddige, irin wanda ke fitowa idan mutum ya daɗe a kwance ta gefe guda. Ma'aikatan jinya suna cewa a riƙa juya majinyaci kamar bayan kowane awa 2. Ita sai ta wuni ta kwana ba a taɓa ta ba. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, kuma duk wanda ka tambaya a gidan zai ce maka, "Inna na nan, jiki da sauƙi."

Ba na son in ɗora laifin duka a kan matan gida, domin na ga abin da suke sha. Jinyar tsoho a ƙasar Hausa aikin mace ce: matar ɗa mai goyo da tsohon ciki, ko bazawarar 'ya da ta dawo gida, ko jika 'yar shekara 12 da aka cire daga makaranta don ta kwana da Kaka. Ba wanda ya koya musu yadda ake ɗaga mutum, ba wanda ke karɓarsu su runtsa, ba wanda ke biyansu. Namijin da ke bugun ƙirji a majalisa cewa shi ba ya kai uwarsa gidan gajiyayyu, tambaye shi yaushe rabon da ya zubar mata da fo. Gajiya ce ke fara zama tsawa, tsawa ta zama hantara, wata rana a wayi gari an saka kwaɗo a ƙofa.

Kwaɗon nan ya fi faɗa wa masu gigin tsufa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, likitoci sun san ta, amma a wurinmu har yanzu fassara uku gare ta: ko iska, ko jifa, ko kuwa, wadda ta fi muni, maita. Tsohuwar da ta fara surutai da dare, tana kiran sunayen matattu, tana fita ba mayafi, idan aka yi rashin sa'a jaririn gidan ya kwanta ciwo, shi ke nan an sami mai laifi. Daga nan sai ƙaurace mata, sai ɗaure ƙafa da jikin gado wai don kada ta ɓata.

Sai dukiya, inda ta'asar ta fi yin shiru. Tsohon malamin firamare da ido ya yi rauni ya miƙa wa ɗansa katin cirar kuɗi da lambar sirri. Fansho na shigowa, mai POS na bakin kasuwa ya fi shi sanin ranar. Abin takaici, wannan kuɗi ne da aka sha wuya kafin a same shi: gwamnatin Zamfara ta Dauda Lawal ta ce ta tarar da bashin garatuti na fiye da naira biliyan 13 da ya taru tun 2011, a jihar da sai a Nuwamban 2019 aka soke dokar da ke ba tsofaffin gwamnoni miliyoyi duk wata. Wani ya jira haƙƙinsa shekara goma, ranar da ya fito kuma ya zama kuɗin auren ɗa ko na sabon babur. Haka gona. Ana kamo babban yatsan dattijo a dangwala a takarda, bayan rasuwarsa a fito da ita a ce kyauta ce ya yi.

Duk wannan yana nan tun kafin 'yan bindiga. Abin da suka yi shi ne rushe ginshiƙin da tsarin ya dogara a kai. Riƙon tsoho a ƙauye gandu ne ke ɗaukarsa: rumbu guda, tukunya guda, hannuwa da yawa. A ƙauyukan Tsafe da na Bunguɗu da aka tasa, an ƙone rumbun, an kore shanun, an sayar da gonar an biya kuɗin fansa, majiya ƙarfin kuma wasu suna kushewa, wasu sun bazu neman abin kai wa baki. Daren da aka shigo gari, mai ƙafa ne ke tsira. Wanda ba ya iya gudu ko a bar shi a ɗaki a ce Allah Ya tsare, ko a goyo shi zuwa Gusau a sauke a kangon wani, ko a gidan ɗan'uwan da shi ma ɗaki biyu gare shi. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar a Satumbar 2021, aka kuma rufe kasuwannin mako, ɗan da ke aiko wa uwarsa 'yan kuɗi daga Legas ya rasa hanyar ko jin muryarta. Dubi masu bara a bakin bankuna da gidajen mai da ƙofar masallatan Juma'a a Gusau, ka ƙirga furfura. Da yawansu shekara goma baya su ke rabon hatsi a gidajensu.

Ba kuma a rasa wuraren da muke kai mutum mu bar shi a hannun wasu ba, suna dai muka sauya musu. A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da kimanin mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Cikin Oktoba aka fito da 67 a Daura, aka bi da wasu gidajen a Katsina da Zariya. Yawancinsu matasa ne, amma darasin ya shafi kowa: iyalai ne suka kai su da hannunsu, suna biya, kuma shekara da shekaru ba hukumar da ta leƙa. Ga asibiti, inda wanki da ciyarwa da juya majinyaci duk aikin ɗan jinya ne, wanda ba shi da kowa kuwa sai abin da maƙwabcin gado ya taimaka. Ga sabon yayi na masu hali, ɗauko ma'aikaciya a biya ta ta zauna da Hajiya yayin da 'ya'ya suke Abuja. Asibitin da aka keɓe don cututtukan tsufa na farko a Najeriya sai a 2012 aka buɗe shi, a Ibadan.

To, wanda ya gani ya kasa haƙuri, ina zai dosa?

Kusan kullum ana farawa da sulhu, kuma daidai ne: babban wa, kawu, limamin unguwa, mai unguwa, har zuwa uban ƙasa. Ofishin Hisba ma yana kiran 'ya'ya ya zaunar da su. Amfanin sulhu shi ne ba ya tsinka zumunci. Illarsa kuwa, alkawarin baki ne. Wanda ya ce zai riƙa kawo tiya biyar ta masara duk wata, idan ya daina ba abin da za a yi masa. Saboda haka ko a gaban wa aka yi, a rubuta: wa zai kawo abinci, wa zai sayi magani, wa zai kwana, katin banki yana hannun wa, kuma wa zai riƙa duba lissafi.

Idan sulhu ya ƙi, kotun shari'a tana da ƙarfin da mutane da yawa ba su san tana da shi ba. Mun saba jin kalmar nafaƙa a shari'ar mata da miji kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita tun kafin a ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace. Yana cikin Risala da Muhtasar, littattafan da ke kan teburin kowane alƙali. Iyayen za su tabbatar da rashinsu da shaidu, ba a kuma sa su rantsuwa. Idan 'ya'yan suna da yawa, ra'ayin da aka fi rinjayarwa shi ne a raba musu gwargwadon ƙarfin kowa, don haka ɗan kasuwar da ke Kano ba zai ce sai dai a yi daidai da ƙanensa mai tura baro ba. Wani abin lura: nafaƙar iyaye ta kwanakin da suka shuɗe ba a biyan bashinta, sai in alƙali ya riga ya yanke ta. Wato 'yar da ta shekara biyar tana ɗauke da uwa ita kaɗai tana jiran 'yan'uwa su ji kunya, jinkirin nan ita yake ci.

Game da dukiya ma akwai magani. Wanda hankalinsa ya gushe, alƙali na iya kange dukiyarsa, abin da malamai ke kira hajru, ya naɗa amintacce ya kula da ita, cinikin da aka ƙulla da shi a wannan hali kuwa abin rushewa ne. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta: ba ta wuce sulusi, kuma ba ta zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Har ila yau uba na da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, matuƙar abin bai sauya ba kuma ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kan ƙarfinta ba. Indiya sai a 2007 ta yi dokar da ke ba tsoho damar ƙwace gidan da ya mallaka wa ɗan da ya yi watsi da shi, aka yi ta yabonta. Makamancin wannan yana cikin littattafan zaurenmu ɗaruruwan shekaru. Tsarin Mulkin 1999 ma ya san da zaman wannan hurumi: sashe na 277 ya lissafa ciyarwa da walittakar Musulmi mai rauni a jiki ko a hankali cikin abubuwan da ake ɗaukaka ƙararsu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Amma akwai giɓi, kuma a Zamfara ta yau giɓin ya zama rami. A Malikiyya wajibcin ya tsaya ne a kan uwa da uba. Jika ba a tilasta masa ciyar da kaka, ɗan wa ba a tilasta masa ciyar da gwaggo, ɗan kishiya kuma ba ya ɗaukar matar uba bayan uban ya rasu. Fiƙihu ya bar waɗannan wa baitulmali. To tsohuwar da aka kashe 'ya'yanta biyu a gona fa? Wadda Allah bai ba haihuwa ba fa? Ba wanda za ta kai ƙara. Abin da ya rage mata shi ne Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da ma'aikatar jin ƙai, su kuwa rabo suke yi, ba haƙƙi ne da za ta tsaya gaban alƙali ta nema ba. Tsarin Mulki ya ambaci kula da tsofaffi a sashe na 16, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati. An sa hannu a dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, aka naɗa mata shugabanni a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ina shakka ko akwai tsohuwa guda a Kwatarkwashi da ta taɓa jin sunanta.

Inda abin ya kai ga duka, ko ɗauri, ko kullewa, ko wawure kuɗi, ya tashi daga rikicin gida ya zama laifi. Raunata mutum, tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, da cin amana duk suna cikin kundin Final Kot da na shari'a, kuma ba inda aka ce ban da ɗa ko matar ɗa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ƙara da cewa wanda ya yasar da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa ba abin ci zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun. Ta tarayya a Abuja take aiki, yawancin jihohi da irin tasu, don haka lauya ne zai faɗa maka wadda za a kama da ita. Wanda aka tsare a gidan mari ko wani wurin magani, ana iya zuwa Babbar Kotu a nemi a sake shi bisa sashe na 34 da na 35, masu kare mutunci da 'yancin walwala, kuma ƙa'idojin 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadinsa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Ba da Agajin Lauya suna da ofisoshi a Gusau, ba a biyan kuɗin kai musu kuka. In sakacin na asibiti ne, ana rubuta wa shugaban asibitin, ana kai likita gaban majalisar likitoci da takardar rantsuwa, nas kuma gaban tasu majalisar. Mai niyyar ƙarar asibitin gwamnati kada ya yi nawa, domin dokar kare jami'an gwamnati takan rufe ƙofa bayan wata 3. A kowane hali, hujja ita ce jari: hoton gyambon da kwanan wata, katin asibiti, takardar shige da ficen kuɗi daga banki, da maƙwabta biyu da za su yarda su buɗe baki.

Samun maƙwabtan nan ya fi tara takardun wuya, kuma mafi wuyar shaida ita ce tsohuwar da kanta. Na taɓa zama gaban wata da ƙafarta ke ɗauke da shatin igiya, aka tambaye ta wa ya yi mata haka. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ɗana na, ba ni kai shi gaban alƙali. Ku bar ni da Allah." Tana tsoron bakin duniya, tana tsoron kada fushinta ya bi shi, tana kuma sane da cewa idan aka ɗaure shi, kwanon tuwon da ake turowa ma ya yanke. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi ya sa nake ganin ɗauri shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk waɗannan hanyoyi, sai fa inda rai ke cikin haɗari. Hukuncin nafaƙa da ake cira daga albashi, ko raba mai cin amana da katin banki, ko mayar da Inna gidan 'yar da ke son ta, sun fi kusa da abin da ita kanta za ta yarda da shi.

Dukkansu kuwa sai wani ya gani tukuna, kuma hanyar ganin tana hannunmu. Shekara da shekaru mata masu rigakafin shan-inna suna shiga gida-gida a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk inda tsaro ya bari. Su ne baƙin da ake bari su wuce zaure. Suna tambayar yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5, su ɗiga musu magani, su shafa musu tawada a yatsa, su rubuta da alli a jikin bango, mai unguwa na biye da su. Da za a ƙara musu layi guda a takardarsu, a biya su ladansa, su tambayi ko akwai tsoho ko tsohuwa da ke kwance, su leƙa su gaishe ta, su ɗaga zanen, da cikin zagaye guda ƙaramar hukuma ta san ɗaki nawa ne, a wace unguwa, kuma wanne ne ke da kwaɗo.